Faɗin Kwale-kwalen Kelu

Ina zaune a rumfar shayi ta bakin kogi, ina jiran kofina ya huce, na hango Sujata tana tahowa ba takalmi a ƙafarta. Sujata 'yar abokina ce, malamar makaranta, ba ta fita haka. Ta tsaya a gabana, ta kira ni da sunan girmamawa, ta ce, "Kunjalikka, Baba ya rasu." Ta ce ya sha shayinsa na safe, ya jingina da ginshiƙin baranda, uwarta ta yi masa magana sau biyu bai amsa ba. Na miƙe na bi ta. Sai da muka kai rabin hanya na lura kofin yana hannuna.

Sunansa Kelappan, amma duk garinmu na Bepur ba mai ce masa haka sai ma'aikacin gidan waya. Kelu muke cewa. Shi Hindu ne, ɗan gidan kafintoci masu ƙera manyan jiragen katako da Larabawa ke saye. Ni Musulmi ne, kalasi, wato cikin masu jan waɗannan jirage da igiya daga tudu zuwa ruwa. Su ƙera, mu ja, haka kakanninmu suka yi. Mun haɗu a filin ƙira muna da shekara goma sha wani abu, muka yi shekara hamsin da ɗoriya yana ce mini jakin igiya, ina ce masa gara, tunda ba abin da ya sani a duniya sai cin katako.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne wanda ban taɓa ganin ya rubuta komai da shi ba sai layi a jikin katako. Kafintocinmu ba su aiki da takarda. Mestiri, babban kafinta, a kansa jirgin yake tun daga ƙashin baya har saman, ya auna da kol, sandan awo mai yatsa ashirin da huɗu, ya faɗi lamba, a yanka. Kelu yana da irin wannan kan. Idan ya dafa katako sau ɗaya, bayan shekara goma zai gaya maka kaurinsa.

Mestirin da ya koya masa aiki yana da wata al'ada. Kowane babban jirgi yana tafiya da ƙaramin kwale-kwale a kansa, na sauke mutane da kai anga, wato ƙarfen da ake jefawa a ruwa ya riƙe jirgi. Idan mestiri ya ga hannun wani cikin mutanensa ya nuna, sai ya bar masa kwale-kwalen nan ya ƙera shi kaɗai, ba ya sa masa baki. Wanda kwale-kwalensa ya yi kyau, wata rana shi ma zai zama mestiri. An ba Kelu nasa yana da shekara ashirin da huɗu. Wata biyu ya yi a kansa. Tsawonsa kol bakwai, siriri, mai kyan gani, ga sauƙin tuƙi. Ranar da ya gama, mestiri ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce, "Ya yi. Da ni ne dai da na ƙara yatsa biyu a faɗi." Ya wuce abinsa.

Bayan sati uku muka ja babban jirgin zuwa ruwa. A bakin kogin Caliyar akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, jirgin ya ɗan zauna a kai, ruwa kuma ya fara janyewa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki ƙaramar anga a kwale-kwale, a kai ta can gaba a sake ta, na cikin jirgi su ja igiyar. Mu huɗu muka shiga kwale-kwalen Kelu: ni, da ƙanena Ayamu, da wasu kalasai biyu. Ƙa'idar aikin ita ce a rataye angar ta baya, a kwance ɗaurin, ta faɗa da kanta. Mu kuwa sauri muke, muka ɗora ta a ciki. Da muka isa wurin Ayamu ya ce, "Ku kama mu wurga ta kawai." Muka miƙe mu huɗu a gefe ɗaya, da ƙarfe a hannu. Igiyar ruwa ta zo ta ɗaya gefen. Kwale-kwalen ya kife. Mu uku muka taso. Igiyar angar ta naɗe ƙafar Ayamu. Sai rana ta uku muka same shi. Shekararsa goma sha tara.

Mutanen filin da suka ji maganar mestiri suka tuna da ita. Ba wanda ya faɗa wa Kelu a fuska, amma a rumfar shayi ana cewa kwale-kwalen ya cika siriri. Ni na gaya masa yadda abin ya faru tun a makon farko, na kuma maimaita masa ban san sau nawa ba. Amsarsa ɗaya ce. "Kana faɗa ne don kai mutumin kirki ne, Kunjali." Mahaifiyarmu da kanta ta aika aka kira shi, ta ce masa kwanan ɗanta ne ya ƙare. Ya durƙusa ya taɓa ƙafarta, ya tashi ya fita da abinsa a zuciya yadda ya shigo da shi.

Daga nan bai sake ƙera abin da mutum zai shiga ba. Ya bar filin, ya kafa 'yar rumfa a gefen gidansa, ya koma yin ƙananan jirage na ado, irin waɗanda Larabawa da baƙi ke saye su ajiye a falo. Sauran masu wannan sana'a gungume ɗaya suke sassaƙewa, su zana layuka a jiki kamar katako-katako ne. Kelu bai iya wannan ba. Sai ya kafa ƙashin baya, ya lanƙwasa kowane katako a kan wuta, ya jera haƙarƙari, ya buga ƙusoshin jan ƙarfe da ya yanka daga waya. Wani zai yi goma kafin ya gama ɗaya. Matarsa Ammalu takan ce ta auri mutumin da ke ƙera jirgi don tururuwa su je Dubai. Da wannan aikin dai ya ciyar da gidansa, ya kai Sujata har kwaleji.

Kuma bai sake hawa ruwa ba. 'Yar'uwarsa tana aure a tsallaken kogi, minti biyar a jirgin fito. Kelu sai ya hau mota ya zagaya ta gada, tafiyar awa guda. In na tsokane shi sai ya ce yana son kallon gari.

Bara aka yi masa aikin ido. Da aka cire masa bandeji ya ga duniya tas, sai ya ce wa masu oda su yi haƙuri, ya rufe ƙofar rumfarsa rabi. Wata rana na leƙa na tarar ya kafa wani ɗan ƙashin baya a kan benci. Kallo ɗaya na yi wa lanƙwasar gaban na gane shi.

Na ce, "Gara, me kake yi?"

"Abin da ka gani."

"Shekara arba'in da shida, Kelu."

"Kol bakwai tsawo, kol ɗaya da yatsa goma sha takwas faɗi. Ban manta ko ɗaya ba." Ya ci gaba da goge katakon. "Kowane kol zan mai da shi yatsa uku. Zan sa masa mutum huɗu da anga, in sa shi a ruwa. Kai ka faɗi taka, mestiri ya faɗi tasa. Ina so in ji ta bakin katako kafin in mutu."

"In ya kife fa?"

"To na sani ke nan."

Ban so abin ba, amma na san Kelu. Na ja kujera na zauna. Wata biyar na yi ina zuwa kusan kullum bayan la'asar. Ya samo tsohon icen tik, irin wanda ake ƙera jirgi da shi, daga ƙofar wani gida da aka rushe, ya tsaga shi sirara kamar ɓawon albasa. Akwai wani katako a gefen hagu na ainihin kwale-kwalen da ya zo masa gajere har ya yi masa haɗi, to a ƙaramin ma sai da ya yanka ya yi haɗin a daidai wurin. Na ce wa zai sani? Ya ce ruwa zai sani. Ya cusa auduga a tsakanin katakai da bakin allura, ya shafe da man kifi, har rumfar ta ɗauki warin filin ƙira na da. Maƙeri ya yi masa 'yar anga ta ƙarfe bisa awo. Mutanen kuma ya kai awonsu wurin wata mai ginin tukwane, ta gina su da yumɓu ta gasa, kowanne tsawon tafin hannu da 'yan kai. Bai bari ta yi musu fuska ba.

Wata safiyar Talata muka kai shi tafkin da ke bayan gidansu. Ya naɗe zanensa zuwa gwiwa ya shiga, ya ajiye kwale-kwalen a hankali. Ba kowa a ciki ya zauna a ruwa kamar agwagwa. Ya sa anga a tsakiya. Ya jera mutanen yumɓu biyu-biyu a kan benci, kowa a zaune a wurinsa. Kwale-kwalen ya nutsa har ruwa ya kusa baki. Kelu ya sa tafin hannu ya turo ɗan ruwa kaɗan daga gefe. Kwale-kwalen ya karkata, ya sha ruwa, ya tafi ƙasa da mutanensa.

Kelu ya dubi wurin. Sannan ya ce, "Ba wanda ya miƙe tsaye, Kunjali. A zaune suke." Ya sunkuya ya ɗauko kwale-kwalen, ya zubar da ruwan, ya shige gida. Ni na tsaya na lalubo mutanen daga cikin laka.

Kwana biyu bai buɗe rumfa ba. Ammalu ta ce mini ko kunun shinkafa ba ya gamawa. Ni ma ban samu sukuni ba, don wani abu bai zauna mini daidai ba. Na shiga ainihin kwale-kwalen nan da ƙafata. Na tuna mu huɗu da anga a ciki, in ina so in taɓa ruwa sai na sunkuya na miƙa hannu har gwiwar hannu. A tafki kuwa ruwa ya kusa baki tun kafin a taɓa shi. Amma Kelu ba ya kuskuren awo, kuma ni ban yi karatun da zan ce ga inda matsalar take ba.

A rana ta uku na shiga gidan ta bayan ɗakin girki. Ammalu ta zuba ɗanyar agade a babban baho tana wankewa. Na tsaya ina kallonsu. Ba su nutse ba, ba su kuma taso sosai ba, bayansu kawai ke leƙowa saman ruwa. Na ciro mutane da yawa daga kogi a rayuwata, masu rai da waɗanda ba su da shi, kuma haka mutum yake zama a ruwa. Mutanen yumɓu kuwa kamar duwatsu suka tafi.

Na ce, "Ammalu, ara mini huɗu."

"Aro? Agade ake arowa, Kunjalikka?"

"Zan dawo miki da su."

Na same shi kwance a kan tabarma ya juya wa ƙofa baya. Na ajiye bokitin ruwa kusa da kansa. Na jefa mutumin yumɓu ɗaya, ya buga gindin bokitin. Na jefa agade ɗaya.

Na ce, "Tashi ka duba, gara. Wanne ne ni a nan?"

Ya juyo ya leƙa. "Ka zo da wasa ne?"

"Ka taɓa ganin mutum ya nutse kamar wancan? Ka auna tsawonsu, ka auna faɗinsu, ba ka ɗaga su ka ji ba. Ku kafintoci komai da sanda kuke aunawa. Mu da muke ɗaukar kaya mun san buhun auduga da buhun yashi girmansu ɗaya. Mutum takwas ka zuba a kwale-kwalen nan, ba huɗu ba."

Ya tashi zaune. Ya ɗauki na yumɓun a hannun dama, agaden a hagu, ya daɗe yana jijjiga su. Ya ce, "Jaki ma yakan yi magana ashe." Sannan ya ce, "Miƙo mini wuƙa."

Ya fere su har kowacce ta zo daidai girman na yumɓun, ya soke musu tsinken kwakwa a ƙasa don su zauna a benci. Muka koma tafki, Ammalu ta biyo mu da hannu a ƙugu tana cewa tana so ta ga inda abincin rana zai tafi.

Wannan karon ruwa ya tsaya a katako na uku. Na ce, "Nan ne. Nan yake tsayawa." Kelu bai kula ni ba. Ya turo ruwa da tafin hannu, kwale-kwalen ya yi rawa ya dawo. Ya turo da ƙarfi. Ya dawo. Ya ɗauko wani faffaɗan katako ya dinga kaɗa ruwan har yana fantsamo mana a fuska, kwale-kwalen yana hawa yana sauka, ɗigo kaɗan ne ya shiga. Ya juya shi ta gaba, ta baya, ta kowane gefe. Ya fi rabin awa yana neman ya kifar da abin da ya ƙera, bai kife ba.

Da ya gaji na ce, "Saura ka ga yadda muka yi." Na shiga ruwan. Na tsayar da su huɗun a gefen dama, na ɗora angar a bakin katako a gabansu. Na san na gaban nan shi ne Ayamu. Ban ma turo ruwa sosai ba. Ya kife nan take, agade uku suka taso, ta huɗun zaren angar ya riƙe ta a ƙasa. Ban shirya hakan ba. 

Kelu ne ya sunkuya ya warware zaren, ya ɗauko ta, ya share ta da gefen zanensa ya miƙo mini. Ya ce, "Da na ƙara yatsa biyun fa?"

Na ce, "Ko kol guda ka ƙara. Mutum huɗu da anga a baki ɗaya, Kelu. Mun san ƙa'ida, muka ƙi bi. Ni ne babba a cikinsu, ban hana ba."

Ya dube ni. Ina jin ranar ce ya fara tunanin cewa ni ma akwai abin da nake ɗauke da shi duk shekarun nan. Ya kama damtsena ya riƙe, muna tsaye cikin ruwa har gwiwa, tsofaffi biyu.

Ammalu ta tsince ukun da ke yawo ta ce aro dai an ce mata. Ta soya su da man kwakwa ta kawo mana a baranda da shayi. Kelu ya cinye nasa, ya miƙa hannu cikin nawa. Na ce wanne ne ni a ciki? Ya nuna wadda ta ƙone. Ta huɗun na tafi da ita gida.

Bayan wannan ya yi wata uku a duniya. Ya sake buɗe rumfa. Ranar wani biki ya ce in raka shi gidan 'yar'uwarsa, na nufi tashar mota, ya ce ina za ka, ga jirgin fito can. Ya zauna a tsakiya ya riƙe benci da hannu biyu har muka tsallaka, yana ta sukar wanda ya yi haɗin katakan. Wani Balarabe ya ga ƙaramin kwale-kwalen a kan kanta ya nace sai an sayar masa, Kelu ya ce wannan ba na ado ba ne, kayan aiki ne.

An ƙona gawar Kelu da yamma a bakin kogi, bisa addininsu. Na tsaya daga gefe tare da tsofaffin kalasai biyar da suka rage. Ban san addu'ar da ta dace ba, na dai tsaya har wutar ta lafa. Sujata ta ce uwarta ta ce an bar mini ƙaramin kwale-kwalen. Ban iya zuwa ɗauka ba tukuna.

Ganina da shi na ƙarshe jajibirin rasuwarsa ne, bayan la'asar. Na tarar ya share tsakar gida, ya ja dogon layi a ƙasa da tsinke, yana bin sa da tsohon kol ɗinsa wanda rabona da ganinsa tun muna samari.

Na ce, "Wannan kuma na wace tururuwar ne?"

"Na jakuna ne. Ranar Asabar ka raka ni kasuwar Kallayi mu duba katako. Kai za ka ɗauko."

"Da wannan bayan nawa?"

"To me amfaninka?"

Na bi layin da ido daga farko har ƙarshe. Na ce, "Kol bakwai ke nan."

"Bakwai."

"Faɗin fa?"

Ya cire fensirin daga bayan kunne, ya duba bakinsa, ya mayar. Ya ce, "Yadda yake. Ba zan ƙara ko yatsa ɗaya ba."

Na ce, "To Allah ya kai mu Asabar."

Ya ce, "Ka zo da wuri, kafin rana ta yi zafi."